'Yar Keana mai goge lissafinta

Shekarun baya can, lokacin da wayar salula ta fara shiga aljihun mutanen Lafiya, wanda bai da ita ya je ƙarƙashin lema a bakin titi ya buga, wani abokina ya kawo mini 'yarsa in koya mata aljebra. Na sha ba da labarin nan a ƙofar gida, amma kullum ina rage wuraren da na ji kunya. Yau zan faɗe shi da su.

A lokacin ban daɗe da ajiye aiki ba. Aikina awon hanya ne, safiyo, kuma na yi shekara talatin da 'yan kai ina bin masu gina titi. Na zauna Garwa da Ngaundere, na zauna Maraɗi, na yi damina biyu a Kumasi. Na dawo da Fulatanci da Faransanci a bakina, ban da Turanci, da ɗan Larabcin Cadi wanda zai ishi mutum sayen nama, da gaisuwar mutanen Kumasi. Na dawo da labari cike da ciki, masu sauraro kuwa babu. Matata ta riga ta haddace su duka, har takan gyara mini in na yi kuskure.

Shi abokin nawa tare muka yi firamare. Mutumin Keana ne, Alago, yana gyaran keken ɗinki a bayan kasuwa. Yana ce mini Safiyo, ina ce masa Injiniya don in tsokane shi. Ranar ya shigo da hantsi, yarinya doguwa tana biye da shi, ta durƙusa ta gaishe ni ba ta ɗago kai ba.

Ya ce, "Safiyo, kai da ka auna duniya, ga awo na kawo maka har gida."

Ya zauna ya zayyana mini. Yarinyar tana son shiga makarantar koyon aikin jinya. Duk darussan da ake nema ta ci su da kiredit tun zaman farko, sai lissafi. Sau biyu tana zama jarrabawar kammala sakandare, sau biyu lissafi yana ba ta fas, su kuwa makarantar jinya kiredit suke so. Ya sake yi mata rajista karo na uku.

Ya ce, "Wannan ne na ƙarshe. Ba zan iya sake jin kukan da ta yi bara ba, kwana uku ba ta ci abinci ba. In ba ta ci ba, ta koma Keana wurin tsohuwa ta dafa gishiri. Ai ba a mutuwa da shi, da shi aka raine ni."

Na dubi yarinyar. Tana murza bakin zanenta. Na ce mata, "'Yata, wane ɓangare ne yake ba ki wuya?"

Ta ce, "Ban sani ba, Baba."

Na ce a raina, to, aljebra ce, ita ke kayar da yara. Na gyara zama na ce wa abokina ya je ya ci gaba da kekunansa, aiki ya zo hannun masu shi.

Na ciro wata tsohuwar ƙofa, na shafe ta da baƙin batir, na jingina ta da mangwaron tsakar gida. Kwana uku a mako take zuwa, bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Na fara mata daga tushe, kamar 'yar aji ɗaya. Na ce ikweshin sikeli ne, abin da kika ɗora a dama ki ɗora a hagu, abin da kika cire nan ki cire can. Na aro sikelin mai nama na kawo. Na gaya mata yadda wani malami ya koya wa 'ya'yan ma'aikatanmu a Ngaundere, na faɗa da Faransanci na fassara. Daga nan sai in tuna wata gada da muka auna a hanyar Maraɗi, in bi ta can, in dawo. Ita dai "To, Baba." In na ce kin gane, ta ce, "Na gane, Baba." Ni kuwa ina jin daɗin muryata ƙwarai.

Aikin gida na farko na ba ta tambaya goma. Ta kawo littafi, na buɗe, sai na ga shafi fari fat, an ja layi da rula, a gefe an jera amsa goma da shuɗin biro. x daidai da tara, y daidai da takwas, haka har ƙasa. Na duba, duka goma daidai.

Na ce, "Ina aikin?"

Ta ce, "Ga shi nan, Baba."

Nan take na ce na gano bakin zaren. Littafin lissafin da take amfani da shi akwai amsoshi a baya. Na karɓe shi, na ba matata, na ce ta ɗinke mini shafukan bayan nan da zare. Ta ɗinke tana dariya, ta ce tunda take ba ta taɓa yi wa littafi kalmasa ba. Mako ya zagayo, yarinya ta kawo amsa goma sha biyar, duka daidai, ɗinki kuwa yana nan ba a taɓa ba.

Sai na koma ƙirƙiro tambayoyina da kaina, waɗanda babu su a kowane littafi. Su ma haka. Na tafi rumfar abokina na same shi da keke a buɗe, hannu duk mai.

Na ce, "Injiniya, wa ke yi wa yarinyar nan aiki a gidanka?"

Ya ajiye sukundireba ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce, "A gidana? Babban masanin lissafin gidana ni ne, kuma ilimina ya ƙare inda tef ɗin tela ya ƙare."

"Ko wani saurayi?"

"Saurayin da zai zo zance da aljebra? In ka gan shi ka turo mini, na ba shi."

Na dawo ban gamsu ba. Na ce to, a gabana za ta yi. Na rubuta a allo: a wata tasha akwai motoci da babura, jimillarsu ashirin da biyar, tayoyinsu saba'in, mota nawa, babur nawa? Na ja kujera na zauna na zuba mata ido. Yarinya ta ɗora hannu a cinya. Minti biyar, minti goma, fensir yana ajiye. Zufa tana bin wuyanta. Can wani maƙwabci ya yi sallama, na fita ƙofar gida, muka yi 'yar magana kan magudanar ruwa. Ina dawowa na tarar da littafi a kan kujerata: mota goma, babur goma sha biyar. Shafi fari.

A ranar na faɗi maganar da har yau nake nadama. Na ce mata, "'Yata, ban san yadda kike yi ba, amma ko ma wace dabara ce, ba za ta bi ki ɗakin jarrabawa ba. Ni ba a yi mini wayo." Ta tattara littattafanta, ta durƙusa ta ce sai jibi, idonta ya cika.

Mako shida ke nan muna wannan.

Da ta fita, matata tana zaune bakin ƙofar kicin da faranti tana tsince shinkafa, inda take zama duk ranar darasi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Alhaji, ka yi duniya, amma ba ka taɓa shara ba."

Na ce, "Me shara ta yi kuma?"

"Ɗaga tabarmar can da take zama."

Na ɗaga. Ƙarƙashinta da gefenta duk ɓurɓushi ne baƙi-baƙi, kamar an murje busasshen tuwo.

Ta ce, "Kilina ce, abin goge fensir. Kullum sai na share cikin hannu guda. Kana juya baya take sunkuyawa, hannunta yana gudu kamar na mai ɗinkin hula, ta cika shafi. In ta gama ta ɗauki biro ta rubuta ɗan guntun nan a gefe, sannan ta goge sauran tas, ta hure, ta shafe da bakin zane. Ni na ɗauka haka bokon yake, shi ya sa ban yi magana ba."

Littafin aikin gidanta yana wurina. Na ɗaga shafi na saita da rana. Ga su nan, sawun fensir, layi bayan layi, sun lotsa cikin takarda. Na kwantar da bakin fensir na shafa a hankali, rubutu ya riƙa fitowa fari a cikin baƙi. Kowane mataki yana nan. A tambaya ta huɗu ma, hanyar da ta bi ta fi tawa gajarta da layi uku.

Na daɗe a tsaye. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, a sana'ata babu abin da aka tsana kamar gogewa. Littafin awo ba a kusantarsa da kilina. Wani shugabanmu a Garwa, in ya ga alamar gogewa a shafi, sai ka koma daji ka sake awon daga farko. In ka yi kuskure, ka ja masa layi ɗaya ka bar shi kowa ya gani. Ni da na yi shekara talatin a haka, yarinya tana goge shafi guda a tsakar gidana sau uku a mako, ban gani ba, ina can kan gadar Maraɗi.

Da ta dawo jibin, na fara ba ta haƙuri. Ta rikice, ta ce, "A'a Baba, a'a Baba." Sannan na nuna mata shafin da na shafa. Ta rufe fuska da hannu biyu kamar na kama ta da wani abin kunya.

Na ce, "Don me kike gogewa?"

Ta ce, "Baba, ai wannan datti ne."

"Datti?"

"Kaka ta ce ba a kai wa babba aiki da dattinsa."

A hankali ta ba ni labarin. Kakarta ce ta raine ta a Keana har ta gama firamare. A wurin kakar, in an gama dafa gishiri, sai an kwashe toka, an kife tukwane, an share wuri, an wanke hannu, sannan a ɗora gishirin a faifai mai tsabta a fito da shi. Wanda zai karɓa gishiri kawai zai gani. Yarinyar da ta bari aka ga toka da tsummanta, ƙazama ce, kuma za a faɗa a gari. Da ta shiga makaranta ta ɗauki abin ta kai cikin littafi, malamin firamare kuma ya ɗaga littafinta sama ya ce kowa ya ga tsabta. A sakandare ajinsu ya cika har taga, musayar littafi ake yi, malami ya karanto amsa, ɗalibai su yi wa juna maki. Ba wanda ya taɓa tambayarta aikin.

Na ce, "A jarrabawa fa?"

Ta ce, "Ina sauri in gama da wuri, Baba, don in samu lokacin gogewa. Bara sai da kilinata ta ƙare, na ari ta wata."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Akwai wata malama maƙwabciyarmu da ke zuwa makin jarrabawa kowace shekara. Na je na tambaye ta don in tabbatar. Ta ce a takardar rubutu, wato wadda ba ta zaɓen amsa ba, yawancin maki a kan matakai yake, kowane layi da nasa. Amsa tsirara ba ta kawo komai sai ɗan abin da ba a rasa ba, wani lokaci ma zargin leƙe take jawowa. Da na gaya mata dalilin tambayar, ta dafa kai ta ce, "Wayyo, yarinyar nan da hannunta ta goge kiredit biyu!"

Na ɗauka an gama. Na zaunar da ita na bayyana mata da Hausa, na maimaita da Turanci, na kawo misalin littafin awo. Ta ce, "To, Baba." A darasi na gaba ta kawo shafi fari. Na karɓe kilina. Ta yanko gefen tsohon silifa ta goge da shi. Na karɓe fensir na ce biro kawai. Ta zo da tafin hannu da damtse duk shuɗin tawada, a kansu ta yi aikin, an wanke bai fita ba, shafi kuwa fari. Ba taurin kai ba ne, don sau ɗaya ta daure ta bar aikin a takarda, amma da ta zo miƙa mini sai ta ƙanƙame littafin a ƙirji.

Ta ce, "Baba, na gane maganarka, wallahi na gane. Hannuna ne ba ya yarda."

Saura mako shida jarrabawa. Na koma rumfar abokina, wannan karon ba fankama. Ya saurare ni har ƙarshe, ya goge hannu da tsumma. Ya ce shi ma har yau ba ya iya miƙa wa mai keke kekensa sai ya share teburin ya ɓoye tsofaffin ƙarafa, bai taɓa tunanin dalili ba.

Ya ce, "Tsohuwa ce ta sa mata. Ranar Asabar mu je ta cire."

Muka kama motar haya da sassafe mu uku. A Agyaragu direba ya tsaya ɗaukar doya, muka sayi lemo muka sha. Ina zaune a gaba ina ta nazarin hanya, ina gaya wa direba inda aka yi kuskuren kwana, shi kuma yana ƙara wa rediyo murya. Sai a cikin motar nan na lura da wani abu. Na ga kantun gishirin da raƙuma ke kawowa daga hamada, na ga wanda ake shanyawa a bakin teku a Gana, amma Keana da ke bayan gidana ban taɓa taka ta ba. Harsuna biyar a bakina, Alago kuwa ko sannu ban iya ba.

Wurin gishirin fili ne buɗaɗɗe, ƙasa ta yi fari-fari, zafi yana tashi daga sama da ƙasa. Aikin mata ne. Wasu suna kankare ƙasar da aka yayyafa wa ruwan gishiri ta bushe, wasu suna zuba ta cikin manyan tukwane masu huda a gindi, su kwara ruwa ya riƙa ɗiga cikin na ƙasa, wasu suna gaban wuta suna dafawa. Hayaƙi ya sa ni hawaye tun kafin mu ƙarasa.

Tsohuwar 'yar ƙarama ce, damatsanta kamar igiya, idonta ja saboda hayaƙin shekaru. Ta rungume jikarta, ta harari ɗanta ta ce ya rame, sannan aka ba ni turmi na zauna a gefe. Na gaishe ta, na ce Mama, na fara jawabin da na shirya tun Lafiya. Abokina yana fassarawa da Alago. Na yi bayanin jarrabawa, na yi na maki, na shiga littafin awo, har na fara gangarawa Garwa. Ita tana juya abin da ke kan wuta. Can ta ɗaga ludayi ta tsayar da ɗanta, ta juyo da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

Ta ce, "Malam, tsaya. Wannan mutum da zai duba takarda, mai saye ne?"

Na ce, "A'a, Mama, ba saye yake ba."

"To me yana so da shi?"

"So yake ya gani ko ta iya."

Ta saki ludayi. Ta ce, "Af! To ai uwar miji ne!"

Matan da ke kusa suka kwashe da dariya. Ni ban gane ba, sai da ta yi bayani, rabi Hausa rabi Alago, ɗanta yana cike mini. Ta ce mai saye daban, gishiri kawai ake nuna masa. Amma ranar da aka kawo ta gidan miji, kafin a ba ta tukwanenta, uwar mijinta ta ɗauki kujera ta zauna tun fitowar rana, ta kalle ta daga kankarar ƙasa har sauke tukunya. Ba a share komai sai ta tashi. Toka a bar ta, a ga irin itacen da kika ƙona. Tukunya in ta fashe a bar ta a wurin. In kika kuskura kika kawo mata gishiri fari a faifai, sai ta ce wa ya sani ko a kasuwa kika sayo.

Ta juya ga jikarta ta kama kunnenta, ba da ƙarfi ba. Ta ce, "Na koya maka na mai saye. Na uwar miji ban koya maka ba, ka tafi boko. Shi ne ka je kana share wa uwar miji wuri? Sau biyu?"

Yarinya tana dariya tana hawaye, ta ce, "Kaka, ban sani ba."

"Yanzu ka sani. Malam, ba shi aiki."

Na lalubo takarda a aljihu, na rubuta mata ikweshin mai ɗan tsawo, irin mai x da ƙaramin biyu a samansa, na ba ta biro. Tsohuwa ta ja kujerarta ta zauna gab da ita, gwiwa na taɓa gwiwa, ta harɗe hannu. Mata suka bar wuta suka kewaye mu. Na ce a raina yanzu za ta daskare. Ta dubi kakarta, kakar ta ɗaga mata haɓa. Sai ta sunkuya.

Wannan ne karon farko da na ga tana aiki. Matata ta yi gaskiya, hannun gudu yake. A layi na biyar ta yi kuskuren alama, ta tsaya, ta kai hannu za ta yage gefen takardar. Tsohuwa ta buge hannun.

"Bar shi! Fasasshen tukunya ma ana gani."

Na ce, "Ja masa layi ɗaya, 'yata, ki ci gaba a ƙasa." Ta ja, ta ci gaba. Wata mata mai goyo ta ce da Hausa don in ji, "Malam, in ta ci, wa za ta aura, takardar?" Aka sake dariya. Ta kai ƙarshe, ta ja layi biyu ƙarƙashin amsa, ta miƙa wa kakarta da hannu biyu.

Tsohuwa ta karɓa ta riƙe ta a juye, kai a ƙasa, ba wanda ya gyara mata. Ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe. Sannan ta tambaye ni a hankali, "Duk wannan daga kansa ya fito?"

Na ce, "Duka, Mama. Kuma daidai ne."

Ta ce shekara da shekaru yarinyar tana kawo mata littafi ta gani, shafi fari da 'yan ƙwayoyi a gefe, ita ta ɗauka boko aikin raggo ne. Ta miƙe da takardar nan ta bi tukwane ɗaya bayan ɗaya tana nuna wa mata, tana magana da ƙarfi da Alago. Wata ta rangaɗa guɗa. Abokina ya juya baya wai hayaƙi ya shiga idonsa.

Da za mu tafi ta ba ni curin gishiri a ganye. Ta ce, "An ce ka je ƙasa da yawa." Na gyara murya na fara lissafawa. Ta ce, "Keana fa?" Na ce yau ne farko. Ta ce, "To yanzu ka gama."

Makonnin da suka rage sun yi daɗi. Sai a lokacin na ga inda take da rauni da gaske, tunda yanzu ina ganin aikin: zanen giraf, da tambayoyin da ake naɗe su cikin dogon Turanci, da alamar ragi in ta shiga baka. Muka bi su ɗaya-ɗaya. Ta fara yi mini gardama, wanda da ba ta taɓa ba. Rannan ta ce, "Baba, hanyarka ta yi zagaye," ta karɓi alli ta nuna mini a allona. Matata ta ajiye faranti ta tafa.

Ranar takardar rubutu ni da abokina muka zauna gindin wata bishiya a tsallaken makarantar da ake jarrabawar. Da aka tashi ta fito tana neman mu da ido, ta ɗago gefen hannunta na dama, ya yi shuɗi har gwiwar hannu saboda gogar tawadar da ke kan takarda. Ta ce takardar amsa ta ƙare mata, sai da ta ɗaga hannu aka ƙaro.

Sakamako ya ɗauki watanni. Lokacin an fara duba shi a kafe, shagon intanet, a sayi kati a kankare. Muka tafi da hantsi, layi har waje, janareta yana ta ƙara. Abokina ya ce shi ba zai shiga ba, ya zauna a kan bencin mai faci. Ta shiga ita kaɗai. Ta fito da takarda a naɗe, fuskarta ba ta nuna komai, ta durƙusa nan bakin titi ta miƙa wa ubanta. Ya buɗe, ya laluba aljihu, ya mance tabarau. Ya miƙo mini yana cewa, "Safiyo, karanta, kar ka yi mini jawabi, karanta kawai."

Na bi da yatsa har layin lissafi. B3.

Na ce, "Injiniya, kiredit, har da ɗori."

Mutumin nan ya haura sittin, amma ya ɗaga ni sama, ƙafafuna suka bar ƙasa, hulata ta faɗi cikin kwata. Ya sauke ni ya kama rawa irin ta garinsu, ni ma na shiga da tawa da ban san ko ta ina ba ce. Masu babura suka tsaya suna danna oda, mai faci yana buga sifana a jikin rim. Ita kuwa tana durƙushe tana dariya, ta rufe baki da mayafi, tana cewa, "Baba, mutane suna kallo." Ta shiga makarantar jinya a shekarar. Yanzu tana aiki a wani asibiti, ita ke duba mini jini in na je.

In na tuna abin nan, farin ciki ne ke fara zuwa, sannan 'yar kunya ta biyo baya. Na zaga ƙasashe ina lura da yadda kowane gari ke da abin da yake nunawa da abin da yake ɓoyewa. Na ga masaƙa a Kumasi suna aiki a fili kowa na kallo, na ga maƙeran azurfa a Nijar da ke rufe ƙofa in za su haɗa ƙarfe. Ina ba da labarinsu ina jin ni mai ido ne. Amma da aka kawo mini yarinya har tsakar gida, mako shida na yi ina magana, ban tambaye ta wa ya raine ta ba, ban tambaye ta yadda ake aiki a gidansu ba. Bayan ita an kawo mini yara da dama, kuma na koyi fara darasi da tambaya, in yi shiru in jira, duk da shirun yana yi mini wuya har yau.

Tsohuwar ta rasu bayan 'yan shekaru, na je jana'izarta a Keana. Har ta koma ga Allah ba ta san mene ne x ba. Amma cikin duk malaman lissafin da na sani, daga nan har Kumasi, ita kaɗai na ga ta gano matsalar ɗaliba da tambaya biyu kacal, ludayi a hannu, tukunya a kan wuta.